Ambulan Mai Lamba Sha Bakwai

A wurin aiki Jan Biro ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Ni ke kula da ɗakin kwamfutoci na hawa na biyu a ginin laburaren jami'a, kwamfuta arba'in a layi biyar. A iya sanina, ni kaɗai ne a duk jami'ar nake karanta sharuɗɗan lasisin manhaja daga farko har ƙarshe. Sauran mutane da sun ga dogon rubutun nan sai su danna wurin amincewa su wuce abinsu. Ni sai na buga shi a takarda, na zauna da jan birona, na ja layi a ƙarƙashin duk inda na ji ƙanshin tarko. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki ba a taɓa kama ɗakina da manhajar sata ba, kuma nakan faɗi haka ko ba a tambaye ni ba.

Rigimar ta fara ne bayan hutu. An sabunta babbar manhajar da kwamfutocin ke gudana a kanta, muka dawo muka tarar sabuwar ba ta kunna faifan bidiyo. Na'urorin karanta faifan suna nan lafiya lau, guda arba'in, kowace a ɗaure da kwamfutarta, amma in ka saka faifai sai ya yi ta juyawa yana ƙara, allo kuwa baƙi ƙirin. Malamar da ke koyar da aikin jinya tana da faya-fayai goma sha biyu da ɗalibanta ke kallon yadda ake wanke rauni da ɗaure karaya, kuma jarrabawarsu saura mako uku. Kullum sai ta hau bene ta tsaya mini a ka.

"Malam, wai har yanzu?"

"Ana kan dubawa, Malama."

Da gaske ana kan dubawa. Akwai manhajar da kowa ke cewa in saka don kyauta ce, amma a shafi na huɗu an rubuta cewa kyautar ta mai amfani a gida ce, ban da makaranta ko ma'aikata. Akwai wata da ba ta hana makaranta ba, sai dai ba ta fito fili ta faɗi ko tana da izinin buɗe kullen da ke jikin faya-fayan ba. Na tura wa lauyan jami'a tambaya, shi kuma ya kwanta a kanta. Ta sayarwa kuwa na rubuta a saya, takardar tana can tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ga shi ranar Alhamis zan sa hannu a takardar shaidar da ake cikewa kowane zango, cewa duk manhajar da ke ɗakina da lasisinta. Dokar a bayyane take: wanda ya saka ta sata kora, wanda ya sa hannu a kan ƙarya shi ma kora.

Ranar Litinin na shigo ƙarfe takwas da kwata na tarar da abin da ban zata ba. Ɗaliban jinya sun cika ɗakin, kowa da abin sauraro a kunne, kuma a kan kowane allo ga hannu sanye da safa yana naɗa bandeji. Malama ta taho da fara'a har kunne.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ashe ɓoye mini kake yi."

Na ce amin. Na zauna a kan kwamfuta ta farko na duba. Manhajar sayarwa ce, mai alamar shuɗin zobe, kuma an shigar mata da lambar lasisi. Na duba ta biyu, wata lambar daban. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Talatin da tara suna aiki, kowace da lambarta. Ta sha bakwai ce kaɗai ba a saka mata komai ba. Alamar nan ta shuɗin zobe kuwa na tabbata na taɓa ganinta a wani wuri, na kasa tuna ko ina ne.

Mu biyu ne ke da makullin ɗakin, ni da Auta.

Auta ƙanin matata ne. Sunan ne kawai na yara, mutum ne mai shekara talatin da biyu, da mata da jariri. Kafin ya zo nan shago gare shi a kasuwa, yana kwafar fina-finai a faifai yana sayarwa, har ranar da hukuma ta zo ta kwashe na'urorinsa. Ya yi shekara biyu yana zaune. Da aka nemi mataimaki a ɗakina, ni na tsaya masa, na je gaban Darakta na ce na ɗauki alhakinsa. Yana cikin shekarar gwaji, saura mako shida a tabbatar masa da aikin. Tun ranar da ya fara nake yi masa wa'azin lasisi safe da yamma, shi kuma ya yi ta dariya yana cewa, "Yaya, ko ruwan sha aka ba ka sai ka nemi sharuɗɗansa."

Na same shi a bayan layi na biyar yana ɗaure wayoyi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Yaya. Ranar Asabar na shigo."

"Ina ka samo lambobi talatin da tara?"

Ya ci gaba da ɗaure wayarsa. "Halal ne. Wallahi babu ta sata ko ɗaya."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Takarda na tambaye ka."

"Ka ba ni zuwa Alhamis da safe, zan kawo maka komai a jere."

"In akwai takarda, me ya hana ka nuna mini yau?"

Wannan mutum da bakinsa ba ya mutuwa, wanda ko a gaban surukansa sai ya ja magana, yau ya duƙufa kan wayoyinsa kamar bai ji ni ba. Na tambaye shi me ya sa ya tsallake ta sha bakwai. Sai ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo da ban gane ba, ya ce, "Ita dai ka bar mini ita."

Na koma teburina raina a ɓace. Na san akwai 'yan ƙananan manhajoji da ɓarayin fasaha ke amfani da su, ka danna su ƙirƙiro maka lambar bogi, ka sake dannawa su ba ka wata. Na ce a raina ya yi ta dannawa ne har sau talatin da tara, ta arba'in ta ƙi karɓa. Alamar shuɗin zoben ma na yanke cewa a tsohon shagonsa na gan ta. Komai ya zauna daram a kaina, har na ji wani irin daɗi marar kyau, irin na wanda zarginsa ya fara tabbata.

Ranar Talata na sa masa ido. In ya fita, sai na leƙa ta taga in ga ina ya nufa. Sau biyu na ga ya sauka ƙasa wajen sito, inda ba shi da aikin komai. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita baranda kafin ya amsa. Da aka tashi ya riga ni fita, ko sallama babu.

Da na isa gida da yamma, sai ga babur ɗinsa a ƙofa. Na shiga a hankali, ban yi gyaran murya ba, abin da ban taɓa yi a gidana ba. A falo na same shi durƙushe gaban teburin da tsohuwar kwamfutar yara take, ya zaro aljihun teburin gaba ɗaya, takardu a warwatse a ƙasa. Yayarsa na tsaye a kansa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Na ce maka na duba nan tun jiya." Suna ganina suka yi tsuru-tsuru.

"Me ake nema?"

"Katin rigakafin yara," in ji matata.

"Wayar caja," in ji Auta, a lokaci guda.

Na dube ta, na dube shi. Ya mayar da takardun ya tura aljihun, ya ce jariri ba ya jin daɗi, ya fita ko abinci bai tsaya ci ba. Shi da in ya zo sai an kore shi daga bakin tukunya.

"Baban yara," matata ta ce bayan ya tafi, "don Allah ka bi yaron nan a hankali. Ba abin da kake zato ba ne."

"To mene ne?"

"Ya roƙe ni kada in faɗa."

"Wato ke ma kin sani."

"Na sani, kuma da za ka ji tawa da ka haƙura zuwa Alhamis."

A nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Na ga an haɗa kai ne a cikin gidana, 'yar uwa na rufa wa ɗan uwanta asiri, ni kuma bare, a ja ni da lallami har Alhamis in sa hannu a kan ƙarya, shekara goma sha huɗu su tafi a banza. Har na fara tunanin ko wani abu ya ɓoye a gidana, don in an zo bincike a ce tare muka yi. Na faɗa mata haka. Ta dube ni ta ce, "Allah ya shirye ka," ta shige kicin.

Laraba da safe, kafin Auta ya iso, na rubuta wa Darakta takarda. Na lissafa kwamfutocin da lambobinsu, na ce an saka manhajar ba da sanina ba, na tambayi shaida an hana ni. A ƙarshe na ƙara jimla ɗaya da ba dole ba ce: duba da sana'ar da ya yi a baya, ban ga dalilin gaskata shi ba. Da na buga takardar, hannuna da kansa ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin jimlar. Na kai wa sakatariya na miƙa, ta buga hatimin karɓa. Ban ji nauyin komai ba. Na ce ai gaskiya na bi, ko da ta biyo ta kan dangi.

Bayan azahar na sauka sito, don in gano abin da ke kai Auta can. Sito ɗaki ne mai tsawo a ƙarƙashin bene, fitila ɗaya, da warin tsohon kwali. Baba Mai Sito ya kusa ritaya, kuma duk jami'ar an san shi da abu biyu. Ba ya zubar da komai, ko igiyar da aka ɗaure kwali da ita sai ya naɗe ya ajiye. Sannan in ka ɗauki abu a wurinsa, ba ya rubutawa a littafi kamar sauran mutane. Sai ya yanki 'yar takarda, ya sa ka rubuta sunanka da hannunka, ya ajiye ta daidai gurbin abin da ka ɗauka. Takardar na nan zaune har ranar da abin zai dawo.

"Baba, me Auta ke zuwa yi nan?"

"Ambulan-ambulan ɗinku yake dubawa."

"Wane ambulan?"

Ya tashi da ƙyar, ya jawo wani kwali daga saman kanta, ya hure ƙurar kansa. "Na na'urorin faifan nan da aka sayo muku shekara biyu da suka wuce. Kowace ta zo da ambulan a kwalinta. Kai ka ce in zubar, wai duk abin da kamfani ya ba da kyauta akwai ƙugiya a ciki. Ni kuwa ka san ni."

Na buɗe kwalin. Fararen ambulan ne a jere, an rubuta musu lamba da fensir daga ɗaya zuwa arba'in. Na zaro na farko. A ciki akwai ƙaramin faifai mai alamar shuɗin zobe, da takardar sharuɗɗa a ninke, da lambar lasisi a manne. Na fito da jerin da na rubuta ranar Litinin na gwada. Lambar kwamfuta ta ɗaya ce, harafi da harafi.

"Yaron nan ya sha wahala," in ji Baba. "Wuni guda ya yi ranar Asabar. Ya ce kowane ambulan da na'urarsa, ba a haɗa na wannan da na waccan. Sai ya hau sama ya kifa na'ura ya karanto lambar gindinta, ya sauko ya nemo ambulan ɗinta. Ni har na gaji da jin takunsa a bene."

Wato lasisin yana hannunmu tun shekara biyu. A lokacin tsohuwar manhaja na kunna faifai da kanta, ba wanda ya buƙace shi, ni kuma na manta da shi sam. Na ji kunya, amma ba ta kai ta kashe zargina ba. In dai haka ne, me ya hana shi faɗa? Me yake nema a gidana? Na sa yatsa ina bin lambobin. Sha biyar, sha shida, sai 'yar takarda a tsaye a gurbin na sha bakwai.

Na zaro ta na kai kusa da fitila. Da jan biro aka rubuta: "Na ɗauka zan karanta sharuɗɗan, zan dawo da shi gobe." Ga sa hannuna a ƙasa, ga kwanan wata.

"Goben ce ba ta yi ba har yanzu," Baba ya ce, ba tare da wani nufi ba. "Auta ya roƙe ni in ba shi takardar nan ya yaga. Na ce a'a, sai dai abin ya dawo. Jiya ma sau biyu ya zo."

Na mayar da takardar gurbinta. Ban san yadda na hau benen ba. Auta na can ƙarshen ɗaki yana nuna wa wata ɗaliba yadda ake mayar da bidiyo baya. Ban iya zuwa wurinsa ba. Na ɗauki jakata na ce kaina ke ciwo.

A hanya abin ya dawo mini tiryan-tiryan. A makon da aka kawo na'urorin ne 'yata ta biyu ta faɗo daga kan keke ta karye a ƙafa. Tana kwance a falo da filasta har cinya, tana kuka tana son kallon faifanta na 'yan tsana, kwamfutar gida kuma ta ƙi kunna shi. Ambulan ɗin na cikin jakata. Na ce bari in saka mata na kwana biyu, in ta samu sauƙi in cire. Ta yi shiru, ta yi dariya, ni ma na ji sanyi. Ƙafa ta warke, aka cire filasta, yara suka ci gaba da kallonsu. Ni da ba na ko zama gaban kwamfutar nan, ban sake tunawa ba.

Na shiga gida na wuce kai tsaye wurin faya-fayan yara. Na buɗe gidan faifan 'yan tsanan, na ɗaga hoton bangon. Ambulan ɗin na nan a bayansa, inda na soke shi don kada yara su yaga. Na warware takardar sharuɗɗan. Na karanta ta kuwa a wancan lokacin, ba a ce ban karanta ba. A shafi na biyu ga jan layina, har biyu, a ƙarƙashin inda aka ce wannan lasisi na na'urar da ya zo da ita ne kaɗai, ba a yarda a saka shi a wata kwamfuta ba.

Matata na tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Ashe nan yake," ta ce. "Mun birkice gidan nan kaf."

"Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Da wane bakin? Kai ka samo masa aikin, kai kake masa wa'azi kullum. Ya zo ya ce maka Yaya kai ne ka ɗauke na ofis ka kawo gida? Cewa ya yi zai cire manhajar daga kwamfutar yara a ɓoye, ya mayar da ambulan sito, ya saka wa ta sha bakwai, ranar Alhamis ya jera maka arba'in cif ka sa hannu. Ya ce in ka sani, ya san halinka, kanka za ka kai ƙara." Ta matso ta dubi fuskata. "Baban yara, me ka yi?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a hannun kujera ta ce, "Matarsa ta riga ta fara gaya wa mutane an kusa tabbatar masa da aiki."

Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba. Na kunna kwamfutar yara na cire manhajar da hannuna. 'Yata ta zo ta tsaya a bayana tana tambaya ko ta lalace ne. Na ce a'a, aro ce, za a mayar wa masu ita.

Alhamis tun bakwai da rabi ina ƙofar ofishin Darakta. Na roƙi sakatariya ta ba ni takardata in gyara wani abu.

"Ai tun jiya Darakta ta karanta. Ta ce ku shigo kai da Auta ƙarfe goma."

Da goma ta yi na shiga na tarar Auta ya riga ni. Yana zaune a kujerar gefe, kwalin Baba a kan cinyarsa, takardata a hannunsa. Darakta ba ta yanke wa mutum hukunci sai ta ba shi abin da aka rubuta a kansa ya karanta da idonsa. Na sha yaba mata wannan hali. Idon Auta na kan ƙasan shafin, inda jan layin yake, kuma bai ɗago ba da na shigo.

"Na ga ambulan talatin da tara," in ji Darakta, "kuma na sa an gwada biyar, sun dace. Aiki ne mai kyau. Abin da ban gane ba, me ya sa ka ƙi nuna wa shugabanka, kuma ina na arba'in?"

Na leƙa kwalin. Gurbin na sha bakwai fayau yake. Ko ya shawo kan Baba, ko ya zare takardar a kan bene, ban sani ba.

"Ranki ya daɗe, a hannuna ya ɓace," Auta ya ce. "Ranar Asabar, wajen hawa da sauka. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Ya faɗi haka da takardata a hannunsa. Darakta ta jawo fayil ɗinsa ta buɗe. Mutumin da ke cikin gwaji, ya ɓatar da kayan jami'a, ya ɓoye wa shugabansa, ga kuma abin da shugaban ya rubuta a kansa. Na san inda maganar za ta ƙare. Kuma ba zan ɓoye ba, na yi daƙiƙa biyu ko uku ina zaune shiru, ina jin yadda ƙofa ta buɗe mini in fita da sunana fes.

Na buɗe jaka na ajiye ambulan ɗin a kan teburinta.

"Bai ɓace ba, ranki ya daɗe. Shekara biyu yana gidana. Ni na ɗauka, na saka a kwamfutar 'ya'yana. Sau huɗu ina sa hannu a takardar shaida yana can."

Ta zaro takardar sharuɗɗan ta buɗe. Ta daɗe tana kallon shafi na biyu.

"Wannan jan layin naka ne?"

"Nawa ne."

"Wato ka sani."

"Na sani."

Ta rufe fayil ɗin Auta ta ture gefe. Ta ce in rubuto bayani kafin a tashi, za a sa mini takardar gargaɗi a fayil, kuma kwamitin ladabtarwa ne zai duba sauran. Takardar shaida ta wannan zango kuwa ba ni zan sa wa hannu ba. Ta juya ga Auta ta ce ƙaryar da ya yi yanzu ta ji ta, kuma kada ya sake, ko don wa. Sannan ta miƙa hannu ya ba ta takardata, ta rubuta wani abu a kanta ta jefa cikin tire.

Muka fito tare. Yana gaba da kwali, ina biye. A kan bene na ce, "Auta." Bai tsaya ba. Na ce, "Jimlar nan ta ƙarshe, ban kyauta ba." Ya ce ba komai, da irin muryar da ake amsa wa baƙo tambayar hanya.

A ɗakin kwamfutoci ɗaliban jinya sun cika layi huɗu, wata na zaune gaban ta sha bakwai tana leƙen allon maƙwabciyarta. Na miƙa masa ambulan ɗin na ce ya saka mata. Na so ya yi mini tsiya. Na so ya ce, Yaya, ashe kai ma ɗan hannu ne, ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi, ya bi ni da ita har gida ya gaya wa yayarsa. Na shirya haɗiye wannan har ƙarshen rayuwata.

Bai karɓa ba tukuna. Ya je teburina ya yago 'yar takarda, ya rubuta lambar ambulan ɗin da kwanan wata da ƙarfe nawa, ya rubuta cewa ya karɓa daga hannuna a gaban ɗalibai. Ya sa hannu, ya turo mini.

"Ranka ya daɗe, a sa mini hannu a nan. Saboda gaba."

Tun yana ɗan makaranta, ranar da na fara zuwa gidansu neman yayarsa, Yaya yake ce mini. Na laluba aljihun rigata, na laluba na wando. Babu wani biro a jikina sai jan, da shi na sa hannun.